Haihuwa Cikin Ruwa Bayan Dashen Ciki: Mas'ala Ce Mai Tafsili

Daga cikin abubuwan da zamani ya zo da su a sha'anin haihuwa akwai guda biyu waɗanda, da an ba kakanninmu labarinsu, da sun ɗauke su almara. Na farko shi ne a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a yi renonsu kwana uku ko biyar, sa'an nan a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa ya kama da ikon Allah, abin da likitoci ke kira IVF, jama'a kuwa suke cewa dashen ciki. Na biyu shi ne mai naƙuda ta shiga wani babban baho cike da ruwan ɗumi, ta yi zamanta a ciki har Allah ya sauke ta, jariri ya fito a cikin ruwan, a ɗago shi zuwa ƙirjinta. A ƙasa irin Ingila, inda asibitocin gwamnati suka tanadi duka biyun, kuma inda 'ya'yanmu da ƙannenmu mata da dama suke zaune yanzu suna haihuwa, hanyoyin nan sukan haɗu a kan mace guda, wadda bayan ta sha shekaru tana nema, ta sha allurai da gwaje-gwaje da tsegumin dangi, sai ga ta a watanninta na ƙarshe tana tambayar kanta ko ya dace da wadda ta sami ciki da irin wannan wahala ta haihu cikin ruwa.

Dashen ciki dai ya wuce matsayin abin gwaji. Ranar 25 ga Yuli, 1978, aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila, ita ce ta farko da aka samu ta wannan hanya, a hannun likita Patrick Steptoe da masanin halittu Robert Edwards, wanda aka ba lambar Nobel a 2010. Kuma ƙididdigar da aka bayar a 2018 ta nuna cewa waɗanda aka haifa ta haka sun haura miliyan 8. Malaman Musulunci ma ba su yi jinkiri ba, domin tun a 1980 fatawa ta fito daga Masar, daga baya majalisun fiƙihu suka bi sahu, a kan halaccinsa bisa sharaɗin ƙwai da maniyyi su kasance na mata da miji ne, kuma igiyar aure tana nan, saboda kiyaye nasaba.

Amma shigar da ruwa ɗakin haihuwa na asibiti, wanda ya fi shahara da shi wani likita ne Bafaranshe, Michel Odent, wanda ya ajiye baho a asibitin garin Pithiviers cikin shekarun 1970, da nufin mata su sami sassaucin ciwo kawai. Sai ya zamana waɗansu, idan daɗin ruwan ya ratsa su, haihuwa takan zo musu kafin su fito, har a 1983 ya ba da bayanin haihuwa 100 da aka yi haka a mujallar likitoci ta Lancet. A 1992 wani kwamitin Majalisar Dokokin Birtaniya ya ba da shawarar a tanadar wa mata wannan zaɓi a asibitoci. Hikimar abin kuwa a bayyane take: ruwa yana ɗauke wa mace nauyin jikinta, ɗuminsa yana sassauta jijiyoyin baya da na ƙugu, tana iya juyawa ko ta durƙusa a kan gwiwa yadda iyayenmu mata suka saba tun fil azal, alhali kuwa gadon asibiti yakan tilasta mata kwanciya rigingine. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane da ya fito a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 15 a kan mata 3,663, ya nuna cewa zama cikin ruwa a farkon naƙuda yana ɗan rage bukatar allurar kashe zafi ta gadon baya, ba tare da an ga alamar ƙarin cuta ga uwa ko ɗa ba.

Wanda ya leƙa irin wannan ɗaki zai tarar da bahon da zurfinsa ya kai ƙirjin mace idan tana zaune, an rage hasken fitila, ungozoma ta durƙusa a gefe, kusa da ita akwai ma'aunin zafi, da ɗan madubi da tocila na duba saukowar kai, da 'yar rariya ta kwashe duk wata ƙazantar da ta fito, da na'urar sauraren bugun zuciyar jariri wadda ruwa ba ya ɓata ta. Takan saurari zuciyar kowane minti 15 a farkon naƙuda, idan an kai ga nishi kuwa kowane minti 5. Takan auna zafin ruwan da na jikin uwar kowace sa'a, domin ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara wa asibitocin Ingila hanyoyin jiyya, ita ce kada ruwan ya wuce digiri 37.5, wato daidai da ɗumin jikin ɗan Adam. Wannan ya isa ya nuna wa mai karatu cewa babu dangantaka tsakaninsa da tafasasshen ruwan wankan jego, wanda tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi, tare da kunun kanwa da kwanciya kan gado mai wuta, da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce yadda jariri ba ya shaƙar ruwa. Jawabi shi ne cewa wata tara ya yi yana kwance cikin ruwa, huhunsa cike da ruwa, iskar da yake rayuwa da ita tana zuwa masa ta igiyar cibiya daga mabiyiya. Kuma galibi ba ya jan numfashin farko sai iska da sanyinta sun taɓa fuskarsa. Saboda haka ne ake barin sa ya fito gaba ɗaya a ƙarƙashin ruwan, a ɗago shi nan take cikin natsuwa, kuma da zarar kansa ya fito sarari ba a sake mayar da shi. Illa iyaka wannan kariya ta jariri mai ƙoshin lafiya ce. Wanda ya galabaita a ciki yana iya yin yunƙurin numfashi kafin lokaci, kuma wannan shi ne dalilin duk wancan sauraren zuciya.

Likitoci sun yi ittifaƙi a kan fa'idar ruwa lokacin naƙuda, amma sun yi saɓani a kan haihuwar kanta. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, a matsayarta ta 2016, ta yarda mace mai lafiya, wadda cikinta ya cika mako 37 bai kai 42 ba, ta yi naƙuda cikin ruwa, amma ta fi son a fito a haihu a waje, saboda a ganinta hujjoji ba su wadata ba. Daga baya sai ga wani babban bincike daga Jami'ar Cardiff a 2024, wanda ya bi bayanan mata fiye da 87,000 da suka shiga baho a cibiyoyin lafiya 26 na Birtaniya tsakanin 2015 da 2022, ya nuna cewa a cikin waɗanda cikinsu ba shi da matsala, masu haihuwa cikin ruwa ba su fi masu fitowa samun mummunar ƙaruwa ba, jariransu kuma ba su fi shiga haɗari ba. Sai dai tsinkewar igiyar cibiya ta fi yawa, kimanin 1 cikin 100, a waje kuwa kimanin 3 cikin 1,000, abin da ungozoma mai lura takan magance da maƙale igiyar nan da nan. Akwai kuma haɗarin ƙwayoyin cuta idan ruwa ya kwana: a 2014 hukumar lafiya ta Ingila ta yi gargaɗi a kan irin bahon gida da ake cikawa tun kwanaki kafin naƙuda ana ɗumama shi da na'ura, bayan wani jariri ya kamu da cutar huhu mai tsanani.

To, a nan ne mas'alar mai dashen ciki take bukatar tafsili, domin duk waɗannan hujjoji an gina su ne a kan mata waɗanda cikinsu ba shi da wata illa, kuma abin dubawa shi ne ko ita tana cikinsu. Gaskiyar magana, idan aka ɗauki masu dashe a jimlace, waɗansu matsaloli sun fi yawa a cikinsu: hawan jinin masu ciki, wanda idan aka yi sakaci yakan kai ga jijjiga, haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyin jariri, mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko ta kafe a jikinta ta ƙi fita, jijiyoyin jinin jariri su gitta hanyar fitowarsa, da zubar jini bayan haihuwa. Wani sashe na wannan daga dashen ne, wani daga shekarun uwar, domin da yawa ba sa kai wa ga dashe sai sun manyanta, wani daga lalurar da ta hana haihuwar tun asali, babban sashe kuwa daga tagwaye, waɗanda a shekarun 1990 suka haura kashi ɗaya cikin huɗu na haihuwar dashe a Birtaniya, kafin a koma dasa tayi ɗaya adadin ya sauko zuwa kimanin kashi 5 cikin 100 a 2021.

Amma hukuncin jimla ba ya hawa kan kowace mace ɗaya ɗaya, kuma mafi yawan waɗannan illoli ana gane su tun kafin ranar naƙuda. Hoton ciki na mako 20 yana nuna mazaunin mabiyiya, idan ta yi ƙasa a sake dubawa wajen mako 32. Awo yana nuna hawan jini da suga da girman jariri da kwanciyarsa. Macen da ta kai mako 37 da ɗa guda, kansa a ƙasa, girmansa daidai, mabiyiya a mazauninta, jininta lafiya, naƙuda kuma ta taso mata da kanta, to dashen da aka yi mata wata tara da suka wuce, shi kaɗai, ba hujja ba ce ta hana ta ruwa, kuma asibitoci da yawa a Ingila haka suke ɗaukarta. Wadda kuwa take ɗauke da tagwaye, ko ɗan ya zo a zaune, ko naƙuda ta zo kafin lokaci, ko tana da hawan jini mai tsanani, ko jini yana ɓalle mata, ita baho ba wurinta ba ne. Idan ma mabiyiya ce ta tare hanya, babu zancen haihuwa da kanta, sai tiyata. A tsakanin waɗannan biyu akwai masu hali na shubuha, kamar wadda ta kai shekara 40 aka ba ta shawarar tayar da naƙuda a mako 39 ko 40: idan maganin da aka sa mata a bakin mahaifa ya wadatar, waɗansu asibitoci sukan bar ta ta shiga ruwa; idan sai an ɗaura mata ruwan naƙuda, wanda ke wajabta sauraren zuciyar jariri ba yankewa, to sai inda ake da na'ura marar waya mai jure ruwa, kuma da yardar likita.

Abin da ya fi duk wannan nauyi a zuciyar mai dashe shi ne tsoro. Miji da uwa da surukuwa, wani lokaci har da likitan kansa, sukan ce wannan ɗa an sha wuya kafin a same shi, don haka a yi aiki a ciro shi kowa ya huta. Tsoron abin tausayawa ne, amma ba dalili ne na likitanci ba, domin babu ɗan da ransa ya fi na wani daraja, kuma tiyata, duk da rahamar da ke cikinta ga mai lalura, tana da nata haɗarin na jini da ciwon miki da abin da take bari a mahaifa ga cikin gaba. Haka nan kuma, matar da ta gaji da allurai da na'urori, take marmarin ta haihu cikin sirri da natsuwa kamar kowace mace, marmarinta halal ne, har ma tana iya shiga ruwan da riga ko zane saboda sutura. Sai dai bai kamata ya zama alwashin da za ta riƙe ko da alamu sun sauya ba. Malamanmu sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa kawar da ɓarna ake gabatarwa a kan jawo amfani, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

Saboda haka abin da ya kamace ta shi ne ta buɗe zancen tun wajen wata na bakwai, ta ce, “Likita, wace illa ce takamaimai aka gani a cikina wadda za ta hana ni?” Idan aka ambaci illa, ta karɓa, idan aka ce dashe ne kawai, ta nemi ƙarin bayani cikin ladabi. Ta tambayi yadda ake wanke bahon da lokacin da ake cika shi, da ko ungozomomin sun saba da aikin, da nisan ɗakin tiyata da wurin ajiyar jini. Ta sani cewa ba a shiga ruwa da allurar gadon baya, ba a kuma shiga sai an sami sa'a biyu bayan allurar kashe zafi mai sa maye. Kuma idan faya ta fashe aka ga ruwan ya gauraya da kashin jariri, ko zazzaɓi ya taso, ko jini ya yawaita, ko bugun zuciya ya sauya, da an ce ta fito, ta fito ba gardama. Akwai ma hanya matsakaiciya wadda dukan ɓangarorin likitocin da suka yi saɓani suka yarda da ita, wato ta yi naƙudarta cikin ruwa, idan haihuwa ta gabato ta fito ta haihu a waje.

Mu kuma a nan gida, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 Nijeriya kaɗai ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a sanadin ciki da haihuwa a duniya, wajibi ne a faɗi magana a fili, domin hotunan haihuwa cikin ruwa sun cika wayoyin hannu. Amincin da bincike ya nuna an same shi ne inda akwai ruwa mai tsabta, da ƙwararriyar ungozoma wadda ba ta barin gefen baho, da mota, da jini, da likita a kusa. Inda babu waɗannan, babu wannan aminci. Don haka ina kira ga duk wadda Allah ya azurta da ciki ta hanyar dashe, da mijinta da danginta, kada su cika robar wanka a tsakar gida su ce suna kwaikwayon abin da suka gani. Ta riƙe awonta har ƙarshe, ta haihu a asibitin da zai iya yi mata tiyata da ƙarin jini idan bukata ta taso; in akwai baho a wurin kuma an duba cikinta an ga babu illa, ta shiga da bismillah, in kuwa babu, ba ta rasa komai ba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu.