Kafin ka ɗauki kwamfutarka zuwa Sakkwato

Duk mai kwamfutar tafi-da-gidanka a Sabon Birni ko Isa ya san kai ta wurin mai gyara a Sakkwato ba ƙaramin abu ba ne: ga kuɗin mota, ga fargabar hanyar da 'yan bindiga suka daɗe suna addaba. Saboda haka ranar da ta ƙi tashi, kada ka yi saurin cewa ta mutu. Sau da yawa laifin caja ne.

Juya cajar ka karanta ƙananan rubutun bayanta, ka gwada da na ƙarƙashin kwamfutar. Yawancin HP da Dell 19.5V suke sha, Lenovo kuwa 20V. Shigar bakin caja cikin rami ba ita ce dacewa ba. Leƙa cikin bakin cajar ma. Masu zagayen baki na HP da Dell suna da wani siririn tsinke a tsakiya, kamar allura, da shi kwamfutar ke gane cajarta. Idan ya lanƙwashe ko ya karye, tana iya kunnuwa amma batir ba zai ɗauki caji ba. Abin takaici, mutane da yawa kan sayi sabon batir a kan wannan, alhali nasu lafiyarsa ƙalau.

Idan cajar lafiya take, zare ta, ka cire batir in mai ciruwa ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka jona cajar kaɗai. In ta tashi, mai yiwuwa batirin ne.

Wutar da muke samu ma tana da nata laifin. Ƙaramin janareta kan yi sama da ƙasa lokacin da aka tayar da shi, da kuma lokacin da mai ya kusa ƙarewa. Bari ya daidaita kafin ka jona, ka zare kafin a kashe. Mai sola kuma, in ya ji caja na ƙugi tana zafi fiye da kima, ya binciki inbatarsa.

Kwamfutar da ke mutuwa ana tsakiyar aiki kuwa, galibi zafi ne. A watan Afrilu nan yankin zafi kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. Kada ka ɗora ta kan katifa ko darduma. Sa ta kan tebur ko faranti, ka share ramukan iskar da busasshen buroshi.

Amma in ka ga jikinta ya ɗaga saboda batir ya kumbura, ko ka ji ƙauri, ko ruwa ya shige ta, zare caja nan take, kada ka sake kunnawa. Wannan aikin mai gyara ne, kuma in za ka je, ka tafi da cajarka ya gwada su tare.