Bindigar Yanka da Injin Ban-Ruwa

Duk wanda ya yi noman rani a tsakanin Kura da Bunkure ya san wani irin ciniki da ke ɗaure wa baƙo kai. Manomin da gonarsa ta yi nisa da kanal, ruwan Tiga ba ya isa gare ta sai an jawo shi, zai shiga Kano ya wuce shagunan da sababbin injina ke ƙyalli a cikin kwali, ya je ya tsuguna gaban wani tsohon inji wanda fenti ya gama rabuwa da shi, tankinsa ya lotse, igiyar tayarwa ta tsinke. Sai ya yi ta juya shi yana leƙe, ya biya kuɗi yana murmushi. Uwar injin yake so, gangar ƙarfen nan da fistin ke kai da komo a cikinta. In dai ita lafiyarta ƙalau, sauran duk aikin makanike ne. Za a yanka injin, a zubar da abin zubarwa, a ɗora sabon kai, sabuwar kafireto, sabon tiyo, ya koma bakin aiki ya fi wani sabon ɗan kwali juriya.

To, a Amurka akwai maharba masu irin wannan ciniki, sai dai su bindiga suke yi wa. Mutum zai sayi tsohuwar bindigar farauta sukutum, alhali ba ya nufin ya harba ta ko sau ɗaya a yadda take. Bututun za a kwance a jingine, ƙotar katakon a jefa bayan ɗaki, wani lokaci har kunamar a canza. Abin da ya biya kuɗi dominsa shi ne uwar bindigar: gidan ƙarfen da ke tsakiya, da sakatar da ke tura harsashi ciki ta kulle bayansa. Bindigar yanka ke nan. A kan wannan uwa za a gina sabuwar bindiga wadda za ta ci wani harsashi da babu kamfanin da ke yin sa, harsashin ƙirar gida, wanda shi mai bindigar ko wani gwani irinsa ya tsara.

Me zai kai mutum ƙirƙiro harsashi, alhali ga su nan iri-iri a kanti? Mu koma gona. Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanso na tagulla, albarushi a cikinsa, 'yar hula a gindi mai tayar da wuta, da ƙwaya a baki. Ɗauki kwanson a matsayin tanki, albarushi shi ne mai, bututun bindiga kuma tiyo. Kowane yaro da ya taɓa taya babansa ban-ruwa ya san in ka danne bakin tiyo da babban yatsa, ruwan zai tsananta ya yi tsalle har kwamin maƙwabci, in ka sake shi kuma ya zubo da yawa amma a nan kusa da ƙafarka. Mai injin inci biyu da mai inci uku ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da man da suke sha ɗaya ne. Haka waɗannan mutane suke wasa da kwanso. Su bar cikinsa yadda yake, su matse wuyansa ya karɓi siririyar ƙwaya mai gudu da nisa, ko su buɗa shi ya karɓi ƙatuwa mai nauyi wadda za ta kayar da babbar dabba.

Kwanson da ya fi shan wannan wasa shi ne na sojan Amurka na shekarar 1906, wanda ake kira .30-06. Wajen 1920 wani maƙerin bindiga, A. O. Niedner, ya matse wuyansa, aka sami .25-06. A 1922 kuma aka buɗa shi, aka sa wa sabon sunan Kanar Townsend Whelen, ya zama .35 Whelen. Wani kuma, P. O. Ackley, shi nasa salon daban: ya miƙe kafaɗar kwanson don ya ƙara cin albarushi, kamar mai walda da ya faɗaɗa maka tanki. Abin dariyar shi ne kamfanoni suna zaune suna kallo. In suka ga abin ya karɓu a wurin maharba, sai su ɗauka su sa masa hatiminsu. Kamfanin Remington ya karɓi .22-250, wani harsashin ƙirar gida, a 1965, ya karɓi .25-06 a 1969, bayan ya yi kusan shekara hamsin yana yawo a hannun masu ƙirar gida. Mu ma mun ga irin haka da idonmu. Da aka cire tallafin fetur a 2023, ai ba injiniyoyin kamfani ne suka zo fadama ba. Makanikan gefen titi ne suka riƙa juya injinan ban-ruwa suna shan gas ɗin girki daga tukunya, kafin a ankara kayan juyin sun cika kasuwa a leda.

Yanzu ga inda wayon sayen yake. Manomi mai hankali ba ya fara sayen inji sannan ya tafi neman gonar da ta dace da shi. Gonar yake fara dubawa: kadada nawa ce, shinkafa ce ko tumatir, daga ina za a jawo ruwan, tudu ne ko kwari. Shi ma mai gina bindiga harsashin yake fara yankewa, sannan ya fita neman uwar da za ta ɗauke shi. Domin uwayen ba tsawonsu ɗaya ba. Akwai gajera, wadda aka yi don irin .308 Winchester, akwai doguwa ta irin .30-06. Dogon harsashi ba ya shiga gajeriyar uwa, kamar yadda ba ka ɗora kan inci uku a ƙaramin injin da ko inci biyu da kyar yake ja. Fuskar sakatar ma sai ta yi daidai da gindin kwanson, don wani gindin ƙarami ne, wani matsakaici, wani kuma faffaɗa. In ba su dace ba, sai an canza sakata ko an kai wa maƙeri ya yi mata aiki, kuma kowane ɗaya kuɗi ne. Wanda ya sayi uwar don kawai ya same ta da araha, sannan ya zo yana lallashinta ta karɓi harsashin da ba nata ba, shi ne za ka ji yana cewa aikin ya ci ninkin abin da ya yi tsammani.

Sai kuma zancen suna. A wajenmu in aka ce tsohon Honda ne na asali, ko ya tsufa ba a rasa mai so, saboda ƙarfensa na kirki ne kuma kayan gyaransa ko a Kwanar Gafan ka tambaya ba za ka rasa mai nuna maka inda ake samu ba. Su ma suna da nasu. Akwai Mauser ta Jamus, ƙirar 1898, wadda bayan yaƙin duniya na biyu ta cika kasuwar Amurka a farashin banza, maƙera suka yi ta yanka ta suna mayar da ita ta farauta. Yau masu tara kayan tarihi in suka ga wadda aka yanka har ƙwalla suke yi, don wadda ba a taɓa ba ta fi daraja nesa. Akwai Remington 700, da ta fito a 1962, ita ce Hondar tasu: kowane maƙeri ya san cikinta, kowane kanti na da kayanta. Akwai Savage 110 ta 1958, ba ta da kyan gani sosai, amma sauya mata bututu bai da wahala, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi ke son ta.

Wurin dubawa kuma, idon mai sayen yanka daban yake da na kowa. Tsatsa a bututu ba ta damunsa, ƙota ta tsage ma murna yake, don da ita zai karya farashi. Amma uwar, ko tsagar gashi ya gani ya bar ta. Makanike na iya yi maka dabara a kan komai na inji ban da gangar da ta tsage. A bindiga kuwa abin ya wuce asarar kuɗi. Ƙarfin da ke tashi a cikin kwanso lokacin harbi ya kusa ninki dubu biyu na iskar da ke cikin tayar mota, kuma duk wannan yana faruwa ne tazarar taƙi ɗaya daga idon mai harbi. Tiyo in ya fashe jiƙewa za ka yi, yara su yi maka dariya. Akwai tsofaffin bindigogin Springfield na 1903, na farko-farko da aka ƙera kafin 1918, waɗanda aka ƙona ƙarfen wasunsu wajen gashi har ya yi gautsi. A ido ba ka bambanta mai lafiya da marar lafiya, lambar jikinta kawai ke nuna ko tana cikin na farkon nan, kuma masana sun daɗe suna cewa a rataye su a bango kawai. Harsashin kanti yana da hukumar da ta auna masa iyaka, SAAMI a Amurka tun 1926. Na ƙirar gida kuwa mai shi ne hukumar kansa.

Lambar nan ma tana da nata labarin. A dokar Amurka uwar ita ce bindigar, a jikinta lambar take, ita ake cike wa takarda in an saya a wurin dillali. Bututu da ƙota kaya ne kawai. Daidai da rasit ɗin inji: lambar da ke jikin ganga ake rubutawa, ba launin tanki ba.

To ribar fa? A nan ni dai ina ganin sha'awa ta fi buƙata yawa. In an gama biyan kuɗin bindigar yanka, da sabon bututu, da ladan maƙerin da zai daidaita uwar, da kayan matse kwanso da sai an yi oda ta musamman, jimillar takan kusa kamo kuɗin sabuwar uwa ta alfarma wadda ba ta buƙatar gyara. Gudun da aka ƙara kuma sau da yawa ɗan kaɗan ne, barewar da aka harba ba za ta san bambancin ba. In ka je farauta nesa ka manta harsashinka a gida, babu kantin da zai cece ka, kamar mai injin gas da tukunyarsa ta ƙare a tsakiyar fadama alhali kowa a kewaye fetur gare shi. Ranar sayarwa kuma masu taya ba su da yawa. Amma wanda ya taɓa ganin fuskar manomin da injin da ya harhaɗa da kansa ya tashi a ja ɗaya, ya san ba komai ake lissafawa da naira ba.

Maharbinmu na gida in ya ji wannan labari zai ce ai shi ya riga su. Bindigar toka, harba-ka-ruga, babu biyu da suke ɗaya. Maƙeri ne ya yi ta da hannu, kuma kowane ɗuri da idon mai ita ake auna shi. Gaskiya ne, sai dai ba don nishaɗi ba, kuma akwai tsofaffin maharba da yatsunsu ba su cika goma ba masu iya ba da shaidar abin da ke faruwa in ƙarfe ya gaji. Dokarmu ma ba irin tasu ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: ta toka lasisinta na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ta farauta ta zamani sai Sufeto Janar, irin ta soja kuwa sai Shugaban Ƙasa. Ƙera bindiga ko harsashi, ko harhaɗa su, ko gyara su ba tare da izini ba, laifi ne mai kai mutum gidan yari. Abin da Ba'amurke ke yi a garejinsa ranar hutu, a nan ba ya cikin abin da ake gwadawa.

Kuma mutanen Bunkure ba sa buƙatar a gaya musu yadda ake kallon bindiga a ƙasar nan. A ƙarshen watan Maris na 2025, cikin azumi, aka tare motar da ta ɗauko mafarautan Kano a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyar dawowa gida yin sallah. Aka ga bindigogin toka a cikin kayansu, aka yi musu taron dangi, aka kashe mutum 16, wasunsu 'yan Torankawa ta Bunkure. Ba kalar bututu ko girman ƙwaya aka tambaye su ba.

Don haka abin da mafarautanmu suka fi buƙata a yau ba sabon harsashi ba ne. Sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta su zauna da rundunar 'yan sanda da gwamnatin Kano, a yi wa kowane maharbi rajista da katin shaida, kowace bindiga da lasisinta, sannan a sanar da hukumomin jihar da za a je kafin ayari ya tashi.