Ba Kwaɗayi Ba Ne, Shekarunsa Ne

A hutun da ya wuce na je gida Tudun Wada. Wata safiya Inna ta raba wa ƙannena biyu kunu, ludayi uku-uku. Ta zuba wa babban a dogon kofi, autanmu mai shekara huɗu kuma a kwano mai faɗi. Auta ya leƙa nasa, ya leƙa na yayansa, sai ya fashe da kuka wai an cuce shi.

Inna ta ce, "Kai wane irin makwaɗaici ne? A gabanka fa na auna!" Har ta ɗaga hannu, na ce, "Inna, don Allah dakata. Iyakar abin da ya gani ke nan."

Abin da ya sa na faɗi haka, na taɓa karanta aikin Jean Piaget, masanin halayyar ɗan Adam daga ƙasar Suwizalan, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980. Ya daɗe yana lura da yara, har da 'ya'yansa uku, ya gano cewa tunanin yaro hawa-hawa yake girma. Tsakanin shekara 2 zuwa wajen 7, yaro yakan kama siffa guda ta abu ya manta da sauran. Ya ga kunu ya yi tsawo a kofi, shi ke nan, ya fi yawa. Faɗin kwanon bai shiga lissafinsa ba. Sai wajen shekara 7 yake gane cewa canza mazubi ba ya ƙara komai, ba ya rage komai.

Ku gwada da kanku, tunda masara ba ta yi mana wuya a yankinmu. Jera ƙwaya shida a layi, ka jera wasu shida a ƙarƙashinsu daidai wa daida. Yaro zai ce ɗaya suke. Sai ka wawware layi ɗaya a gaban idonsa, ka sake tambaya. Yawancin 'yan shekara huɗu za su nuna dogon layin. Masana da suka biyo bayan Piaget sun nuna cewa wasu yaran kan gane da wuri idan aka sauƙaƙa tambayar, saboda haka kada a mai da shekara 7 wata doka.

To mene ne abin yi? Na farko, a raba wa ƙanana abinci a mazubi iri ɗaya. Na biyu, a bar yaro ya riƙe ludayin ya ƙirga da bakinsa, ya juye, ya sake mayarwa. Da hannunsa yake koyo. Na uku, a daina laƙaba masa suna. Duka ba ya gaggauta hankali, kuma yaron da kullum ake ce masa makwaɗaici ko daƙiƙi yana iya tasowa da yarda cewa haka yake.

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, in mun koma gida ana sauraronmu saboda ana ganin mun yi karatu. Mu yi bayanin nan cikin ladabi, ba da gadara ba, don iyayenmu sun riga mu sanin reno.

Inna dai dariya ta yi ta ce, "Ashe ku ma rigimar da kuka yi ta yi min ke nan!" Ranar kasuwa ta sayo kofuna biyu iri ɗaya.