Gawayin Noma: Tsohuwar Dabara Mai Raya Ƙasa

A ƙasar Barazil, a gefen kogin Amazon, akwai wani abin mamaki da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Duk da kurmin da ya lulluɓe wannan yanki, yawancin ƙasarsa ja ce ko rawaya, marar ƙarfi, domin ruwan sama mai yawa ya wanke albarkarta. Manomi in ya sare daji ya yi shuka, bayan damina biyu ko uku sai ya tashi ya nemi wani wuri. Amma kuma jefi-jefi a cikin kurmin nan akan tarar da filaye masu baƙar ƙasa wuluk, wadda zurfinta a wasu wurare yakan kai mita 2, ana nomanta shekara da shekaru ba ta gajiya. Har yau mutanen wurin suna haƙar ta suna sayar wa masu lambu.

Wani masanin ƙasa ɗan Holan, mai suna Wim Sombroek, yana cikin waɗanda suka jawo hankalin duniya ga wannan al'amari, a littafin da ya wallafa a 1966. Da aka tona, sai aka iske tsingaro, da ƙayar kifi, da ƙashi, da kuma gawayi mai ɗimbin yawa. Watau dai ƙasar nan mutanen da ne suka gina ta da sharar gidajensu da ragowar murhunsu, waɗansu wuraren tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Sauran sharar ta ruɓe ta ɓace, amma gawayin yana nan, kuma shi ne ya riƙe ƙarfin ƙasar. Daga nan ne aka samo abin da masana suke kira bayoca, watau gawayin da aka yi musamman don a zuba a gona.

Gawayi dabam, toka dabam. In aka cinna wa kara wuta a fili, iska tana kaɗa shi, zai cinye ƙurmus ya bar toka. In kuwa aka gasa shi a inda iska ba ta shiga sosai, da zafin da ya kama daga digiri 300 zuwa 700, sai ya zama gawayi. Jikin gawayin nan cike yake da 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, kamar soso. Su ne suke riƙe ruwa, su tsare abincin shuka kada ruwa ya tafi da shi, su kuma zama mazaunin ƙananan halittu masu gyara ƙasa. Har ila yau gawayi yana rage tsamin ƙasa.

Amfaninsa na biyu ya shafi duniya baki ɗaya. Tsiro yana zuƙar iskar kabon daga sama yana gina jikinsa da ita. In ya ruɓe ko ya ƙone, kabon ɗin ya koma sama, kuma taruwar wannan iska ita ce babban dalilin ɗumamar yanayi. To, amma in aka mai da tsiron gawayi, kusan rabin kabon ɗin yakan tsaya a ciki, ya zauna a ƙasa ɗaruruwan shekaru. Saboda haka ne kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2018, ya lissafa gawayin noma cikin hanyoyin janye kabon daga sararin sama.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna irin wannan baƙar ƙasa a kewayen ƙauyuka da kufai a Laberiya da Gana, inda mata suka daɗe suna zubar da toka da gawayi da sharar girki wuri guda, kabon ɗinta kuwa ya ninka na ƙasar da ke kusa sau biyu ko uku. Manomin ƙasar Hausa ma ya san darajar gonar kufai da ta tsohon juji, kuma tun zamanin kakanni jakuna suke ɗaukar taki daga birnin Kano zuwa gonakin karkara.

Sai dai fa gawayi shi kaɗai ba taki ba ne. Rumbu ne, kuma rumbu sai an zuba masa hatsi. Wanda ya zuba shi tsura a gona, yana iya ganin shukarsa ta yi rawaya a shekarar farko, domin gawayin ya tsotse ɗan abincin da ke ƙasar. Abin da ya dace shi ne a daka shi, a cuɗa shi da kashin dabbobi ko takin juji, ko a shimfiɗa shi a garke ya sha fitsari, a bar shi 'yan makonni kafin a kai gona. Da yake yana da wuya ƙaramin manomi ya sami abin da zai game gonarsa duka, ya fi sauƙi ya sa shi a ramin shuka ko a fangalin lambu.

Kuma ba kowace ƙasa ce take amsa shi daidai ba. Da masana suka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa a 2017, sun ga cewa a ƙasashe masu zafi amfanin gona ya ƙaru da kimanin kashi 25 cikin 100 a matsakaici, alhali kuwa a ƙasashe masu sanyi ba a ga wani ƙari ba. Ya fi yin aiki a ƙasa mai tsami da jigawar da ta gaji. Ƙasa mai kanwa kuwa ba ta bukatarsa.

Babban haɗarin shi ne a shiga sarar itatuwa da sunan gawayin noma, garin neman gira a rasa ido. Masu gawayin girki sun riga sun yi wa dazuzzukan Nijeriya illa ƙwarai. Karan dawa da na gero kuma suna da masu jiransu, ga dabbobi, ga danga, ga murhu, harawa ma kuɗi ce. Abin da ya rage shi ne sharar da ba mai so, kamar totuwar masara, da ɓawon gyaɗa, da buntun shinkafa wanda yake tsibi-tsibi a bayan injinan casa, daga Kura ta Jihar Kano har Abakaliki ta Jihar Ebonyi, sau da yawa yana ci da wuta a banza.

Yin sa ba ya bukatar babban inji. Ana haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, a hura wuta a ƙasa, a riƙa ƙara totuwa kaɗan-kaɗan da zarar sama ta fara yin fari. Harshen wutar da ke bisa shi yake hana iska isa ga na ƙasa. In ramin ya cika sai a kashe da ruwa. Buntu kuwa, manoman Japan sun daɗe suna tara shi kewaye da bututun hayaƙi, wuta tana cin sa a hankali daga ciki har ya yi baƙi.

Sauran aiki ya rage ga cibiyoyin binciken noma irin na Samaru da Ibadan, da malaman gona, su gwada shi a ƙasar kowace jiha su gaya wa manoma gaskiyar abin da suka gani. Kafin nan, manomi yana iya ware kunya biyar ya sa taki da gawayi, ya bar biyar da taki kawai, ya auna abin da kowanne ya ba shi in kaka ta yi.