Ziyarar Bayan Fage a Dandalin Nishaɗi Mai Jigo: Sirrin da Ake Sayarwa Ba Tare da An Tona Shi Ba

Gabatarwa

Kalmar "bayan fage" ba baƙuwa ba ce ga manazarta wasan kwaikwayo. Can ne ɗan wasa ke sauya tufafi, ya goge kwalliya, ya faɗi maganar da ba ta cikin rubutun wasa, kuma bisa al'ada ɗan kallo ba ya taka ƙafarsa wurin. Sai dai a manyan wuraren nishaɗi na Amurka an mayar da shiga wannan wuri wata haja mai farashinta. Mutum zai biya kuɗin shiga dandali, sannan ya ƙara wani kuɗin domin jagora ya zagaya da shi inda sauran jama'a ba sa zuwa. Wannan maƙala ta dubi yadda irin wannan ziyara take gudana, ta ɗauki dandalin Magic Kingdom na kamfanin Disney a matsayin babban misali, domin a fahimci abin da mai ziyara yake saya a haƙiƙa.

Abin da ake nufi da dandali mai jigo shi ne wurin shaƙatawa da aka gina kowane sashensa a kan labari ɗaya, ta yadda gine-gine da kiɗa da abinci da suturar ma'aikata duk suke hidima ga wannan labari, kamar yadda tubalan waƙa suke hidima ga jigonta.

Tushen al'adar

Al'adar ta girmi Disney. A shekarar 1915 Carl Laemmle ya buɗe birnin shirya fina-finai na Universal a jihar Kalifoniya, ya kuma bar jama'a su biya santi 25 su zauna su kalli yadda ake ɗaukar fim. Da fim mai magana ya zo, hayaniyar 'yan kallo ta zama cikas, aka rufe ƙofa. A 1964 aka farfaɗo da ziyarar, ana zagayawa da mutane cikin ƙananan motoci da aka jona kamar taragon jirgin ƙasa. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. A 1976 aka girka wani ƙaton kifi na inji, irin na fim ɗin Jaws, wanda ke taso wa motar daga cikin ruwa a duk lokacin da ta iso. Wato ziyarar da aka soma don a ga yadda ake shirya wasa ta koma ita kanta wasa.

Ginin da ke ƙarƙashin Magic Kingdom

An buɗe Magic Kingdom a jihar Fulorida ranar 1 ga Oktoba, 1971, kusan shekara biyar bayan rasuwar Walt Disney. Akwai labarin da ya shahara cewa wata rana a tsohon dandalinsa na Disneyland, wanda aka buɗe a 1955, ya hangi wani ma'aikaci sanye da kayan kaboyi yana ratsa sashen da ke kwaikwayon duniyar gobe, abin kuma ya ɓata masa rai. Ko yaya asalin labarin yake, sabon dandalin an tsara shi ne don kada hakan ta faru.

Ƙasar Fulorida fadama ce, ruwa na kusa, ba a iya haƙa rami mai zurfi. Saboda haka aka gina hanyoyin ma'aikata a doron ƙasa, aka binne su da ƙasar da aka kwaso wajen haƙa tafkin da ke gaban dandalin, sannan aka ɗora dandalin a sama. Ke nan duk mai yawo a titunansa a kan bene yake tafiya bai sani ba. Waɗannan hanyoyi sun mamaye kimanin eka 9. A ciki akwai ɗakunan hutawa, da wurin cin abinci, da shagon aski, da ma'ajiyar kaya, ana kuma zirga-zirga da ƙananan motocin lantarki. Bangaye na ɗauke da launuka daban-daban don ma'aikaci ya san a ƙarƙashin wane sashe yake kafin ya hau sama. Shara ma wasu manyan bututu ne, fasahar ƙasar Suwidin, suke zuƙe ta da ƙarfin iska.

Ziyarar da ke kai mutum nan ita ce Keys to the Kingdom, wato mabuɗan masarautar. Tana ɗaukar kamar sa'a 5, yawancinta a ƙafa. Jagora na nuna dabarun da ido ba ya kamawa: yadda ake ƙanƙanta benayen sama na gine-gine don su yi kamar sun fi tsayinsu, har gidan sarautar Cinderella mai ƙafa 189 ya zama kamar yana taɓa gajimare, da wani koren fenti maras armashi da ake shafa wa abin da ba a so ido ya tsaya a kansa. Sharuɗɗa biyu ne suka fi bayyana manufar ziyarar. Ba a karɓar wanda bai kai shekara 16 ba, kuma ba a ɗaukar hoto a bayan fage.

Labule bayan labule

Erving Goffman (1959) ya raba mu'amalar yau da kullum gida biyu: gaban fage, inda mutum ke nuna fuskar da yake so a gani, da bayan fage, inda yake sakin jiki. Dean MacCannell (1973) ya ɗora a kan wannan, ya nuna cewa ɗan yawon buɗe ido kullum yana ƙishirwar ganin "ainihin abin", masu harkar kuma sun gane haka, sai suke shirya masa bayan fage na musamman. A wurinsa matakai shida ne tsakanin gaba da baya, ba biyu ba. Wanda ya san tsarin gidan Bahaushe ba zai sha wuyar fahimta ba: baƙon da aka wuce da shi daga zaure zuwa shigifa zai ji an karrama shi, amma har yanzu bai ga tsakar gida ba.

Haka ziyarar Disney take. Hanyar da za a bi tsararriya ce, ɗan yanki kaɗan na hanyoyin ƙarƙashin ake ratsawa, jagoran kuma yana cikin suturar aiki, yana bakin aikinsa. Hana hoto yana tabbatar da cewa abin da zai fita waje labari ne kawai daga bakin wanda ya gani, labari kuwa ƙara wa sirri kwarjini yake yi. Hana yara kuma yana kare su daga yin kiciɓis da ɗan wasan da ya cire kan Mickey ya riƙe a hannu. A ra'ayin mai wannan rubutu, ba daidai ba ne a kira wannan yaudara, domin bututun shara na gaske ne, ma'aikatan da ake gani kuma aikinsu suke yi. Amma akwai wanda ke biyan wani farashi da ba a rubuta a tikiti ba. Ma'aikacin da ya sauko don ya huta da murmushin dole, idan ayarin baƙi ya ɓullo, wurin hutun nasa ya sake zama fage.

Ga mai nazarin harshe, nan ne batun ya fi armashi, domin katangar da ta fi ƙarfi a dandalin da kalmomi aka gina ta. A ƙamus ɗin kamfanin ma'aikaci "ɗan wasa" ne, ko da shara yake yi, mai sayen tikiti "baƙo" ne, kayan aiki "suturar wasa" ce, duk inda baƙo zai iya gani kuma "kan fage" ne. Wanda ke shiga rigar Mickey ba ya cewa shi ne Mickey, sai dai ya ce shi "abokinsa" ne. Jagoran da ya yarda ya nuna wa mai ziyara inda shara ke bi, idan aka tambaye shi mutum nawa ne ke sa wannan riga, amsar da aka san ma'aikatan da ita ita ce Mickey guda ɗaya ne.