UWARGIDA, AN YI WA JARIRINKI ALLURAR BITAMIN K?

Kowane jariri yana zuwa duniya da ƙarancin bitamin K a jikinsa. Wannan bitamin shi ke sa jini ya daskare ya tsaya in an ji rauni. Nonon uwa ya fi kowane abinci, amma bitamin K ɗin da ke cikinsa kaɗan ne. Saboda haka ko lafiyayyen jariri yana iya fara zubar da jini haka kawai, tun daga ranar haihuwa har ya kai wata 6.

INA HAƊARIN YAKE?

Jinin da ya fito waje ana ganinsa, a nemi taimako. Mafi muni shi ne wanda ke zuba a cikin kai, ba mai gani. An fi samunsa tsakanin mako 2 da mako 12. Jinin sai ya taru ya danne ƙwaƙwalwa. Wani yaron ya rasu. Wanda ya rayu kuwa yana iya tashi da farfaɗiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko makanta, ko ya daɗe bai zauna ba, bai yi tafiya ba, bai yi magana ba. Abin da ya taɓu a ƙwaƙwalwa da wuya ya koma daidai.

RIGAKAFINSA

Allura ɗaya ce tak a cinya, ranar haihuwa. Shi ke nan.

1. In a asibiti kika haihu, tambayi malamar asibiti: "An yi masa allurar bitamin K?"
2. In a gida ne, a kawo shi ran nan, kada a jira suna.
3. Kada wanzami ya cire belu ko ya yi tsaga. Kaciya kuma sai bayan an yi allurar.
4. In kina shan maganin farfaɗiya ko na tarin fuka, ki faɗa tun wajen awo.
5. Ci gaba da ba shi nono.

KAWO SHI ASIBITI NAN DA NAN IN KIN GA:

Cibiya ko wurin kaciya yana ta jini, ya ƙi tsayawa.
Jini a kashi, a amai, ko ta hanci.
Tabon jini a ƙarƙashin fata, alhali bai bugu ba.
Maɗiga ta kumbura.
Taune-taune, yawan barci, ko ƙin kama nono.

Ko da tsakar dare ne, kada ki jira gari ya waye. Gaya wa maigida, gaya wa maƙwabta.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha