Hilux: Injin dizal na lita 2.4 ko na 2.8?

Tun shekarar 2015 kamfanin Toyota ke saka wa Hilux injinan dizal biyu 'yan gida ɗaya: 2GD mai lita 2.4 da 1GD mai lita 2.8. Kowannensu silinda huɗu ne, kuma da turbo.

Ƙaramin yana ba da ƙarfin doki 150. Babban, bayan gyaran da aka yi masa a 2020, ya kai 204. Sai dai abin da ya kamata mai saye ya fi dubawa shi ne ƙarfin ja: Nm 400 a ƙaramin, 500 a babban mai giya otomatik. Wannan tazara ba ta cika bayyana a titin cikin gari ba. Tana fitowa ne idan an lafta wa motar buhunan hatsi an nufi hawa, ko an shiga rairayi irin na yankin Agadez. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce kwalta ba, a ganina na 2.4 ya ishe shi, ga sauƙin kuɗin saye.

Matsalarsu ɗaya ce: mai. Dukansu suna fesa dizal da matsi mai tsanani, don haka ruwa ko datti kaɗan kan lalata nozul, gyaran kuma da tsada. Shi ya sa masu aiki nesa da gidan mai na kirki har yanzu suke neman tsohon injin 5L mai lita 3, marar turbo. Ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, amma ya fi jure gurɓataccen mai, kuma kanikawa da dama sun san cikinsa.